Shuɗin soket mai 32A a garejin walda: abin da ya iya da abin da bai iya ba

In ka shiga garejin da ake walda da ƙaramin injin nan na zamani mai kama da akwatin rediyo, dubi soket ɗin bango. Ramin hannun dama ne zai fara ja maka ido: bakinsa ya yi baƙi, robar da ke kewaye da shi ta kumbura ta koma ruwan ƙasa, in ka matso kusa ka ji ƙauri. A wasu wuraren ma filogin ya daɗe da narkewa, an fere wayoyin injin an cusa su cikin ramukan an tokare da tsinken ashana, wayar ƙasa kuma, wato ta ating mai kare mutum daga jan wuta, tana reto a gefe, ba a sa ta ko'ina ba. Mai garejin zai ce maka soket ɗin yanzu ba su da ƙarko. Wani lokaci da gaskiyarsa, amma ko na asali ka ɗaura a wurin, ƙarshensa ke nan, don an ɗora masa kayan da ba a ƙera shi ya ɗauka ba.

Wannan sharhi a kan soket da filogin nan ne masu launin shuɗi, masu ƙafafu uku zagayayyu, waɗanda masu sayar da kayan wuta ke kira indastiriyal soket, wasu kuma su ce kwamando, sunan da ya samo asali daga samfurin Commando na kamfanin MK na Ingila. Kamfanoni da yawa na yin su: Mennekes na Jamus, Legrand da Schneider na Faransa, Gewiss na Italiya, ga kuma tarin marasa suna da ke shigowa ta Alaba su bazu har Sabon Gari. Duka a kan ƙa'ida ɗaya ake yin su, IEC 60309, shi ya sa filogin wannan kamfani ke shiga soket ɗin wancan ba gardama. Hukuncinmu tun daga farko: ga injin walda mai layi ɗaya da ke aiki da wutar gida ta 230V, mai 32A ɗin, wato mai ɗaukar amfiya 32, shi ne abin da ya dace a ɗaura a bango, kuma ya cancanci kuɗinsa. Sai dai shi kaɗai ba ya gyara komai. In aka ɗaura shi a kan siririyar wayar da ke bayan tsohon soket, an dai ɗauke wutar daga inda ido ke ganinta an mayar da ita cikin bango.

Lissafin da ke ƙona soket ɗin gida

Soket ɗin gida mai ƙafafu uku masu kusurwa, irin na Ingila da muke amfani da shi a Najeriya da Gana, iyakarsa amfiya 13. A kan 230V wat 3,000 ke nan, ƙasa da haka ma da kaɗan. Yanzu a duba abin da walda ke ci. Sandar walda geji 10, wato mai kaurin 3.2mm, wadda aka fi yin ƙofofi da tagogi da ita, tana son tsakanin 90A zuwa 130A. A ce an saita injin a 120A. A wannan ƙarfin, bakin sandar yana riƙe kusan 25V, saboda haka abin da ke fita wajen wat 3,000 ne. Injin yana ɓarar da wani kaso ya zama zafi, a ce 15 cikin 100, sai abin da yake buƙata ya kai wat 3,500. Sannan yawancin ƙananan injinan nan na zamani masu araha, waɗanda ake kira inbata, ba sa zuƙar wuta a miƙe, fizgarta suke yi, wanda ke sa amfiyar da ke bi ta waya ta fi abin da wat ɗin ke nunawa da kusan kashi 40 cikin 100. Da an haɗa, injin da ke ƙona geji 10 yana jan wajen 22A daga bango. In aka koma geji 8, wadda ta fi kauri, aka murɗa zuwa 160A, abin ya haura 30A. Ko geji 12, wadda ta fi siranta, a kan 100A ya kai 17A.

Wannan kuma in wutar ta cika 230V. A unguwannin da ke ƙarshen layin taransifoma, inda mita ke nuna 180V da yamma, injin inbata ba ya rage cin wat ɗinsa, ƙara amfiya yake yi don ya cike giɓin. Aikin da ke jan 22A sai ya koma 28A. Shi ya sa soket ya fi ƙonewa ranar da wuta ta zo ba ƙarfi, abin da ke ɗaure wa mutane da yawa kai.

Dalilin da ya sa ramin dama ne ke baƙi shi ne fis ɗin da ke cikin filogi a kan ƙafar wuta yake zaune. Fis mai 13A ba ya tsinkewa da zarar an wuce 13A. Yana iya riƙe 20A na tsawon lokaci yana ta yin zafi, zafin ya bi ƙafar ya shiga soket, ya sassauta ƙarfen da ke matse ƙafar a ciki. Da ya saki, haɗuwar ta yi rauni, zafin ya ƙaru, ya ƙara sassauta shi. Wurin haɗi da ya yi sako-sako har ya kai 0.05 om, in 25A na bi ta kansa, yana fitar da zafin wat 31 a wurin da bai kai ƙwayar wake ba. Ƙarfen liƙa dalma ke nan a cikin roba. Masu cire fis su sa ƙusa ko su naɗa waya a gurbinsa sun cire abu ɗaya tilo da zai yanke wutar kafin roba ta kama.

Soket ɗin na'urar sanyaya ɗaki mai 15A, mai ƙafafu zagayayyu masu kauri, ya ɗan fi dama-dama, don ba fis a cikinsa kuma ƙafafunsa sun fi nama. Ga mai ɗan taɓa aiki da geji 12 jefi-jefi zai kai shi. Ga mai yini yana walda, makunnin da ke jikinsa ne ke fara mutuwa.

Kafin a sayi komai, a juya injin a karanta allon da ke bayansa ko ƙarƙashinsa. Lambar da aka rubuta da manyan haruffa a gaba, 200 ko 250 ko 300, ba ita ake nema ba, kuma a kan injina marasa suna sau da yawa cika baki ne. Abin nema lambobi biyu ne a layin ƙasa kusa da hoton filogi: I1max, mafi yawan abin da injin zai ja lokacin da sanda ke ci, da I1eff, matsakaicin da aka fitar bayan an lissafa hutun da injin ke yi. Ana gane hutun a layin da aka sa wa X: 30% na nufin minti 3 na walda a cikin kowane minti 10, sauran 7 fanka na hura shi. Injin da I1max ɗinsa 31A ne a kan 30% zai nuna I1eff wajen 17A. Da I1eff ake auna waya da soket, da I1max kuma ake duba ko bireka, makunnin da ke faɗuwa da kansa in wuta ta yi yawa, zai jure. In I1eff bai wuce 16A ba, ƙaramin shuɗin mai 16A ya isa a ƙa'ida. Duk da haka mun fi ba da shawarar mai 32A, saboda raunin wutarmu yana tura amfiya sama da abin da allon ya faɗa, kuma gobe ana iya sauya injin da wanda ya fi shi.

Abin da ke hannunka in ka buɗe kwalin

Abu na farko da za ka ji shi ne nauyi. Ƙafafun wuta biyu na mai 32A kowace kaurinta 6mm ne, ta ƙasa kuma 8mm. A mai 16A, 5mm da 7mm ne, kuma bakin ya fi ƙanƙanta, saboda haka ɗaya ba ya shiga ɗaya ko da ƙarfi. Ƙafafun suna cikin wani zoben roba mai zurfi, ta yadda kafin su taɓa wuta zoben ya riga ya shige cikin soket, yatsa ba ya kai musu. Ƙafar ƙasa ce ke fara haɗuwa in ana sawa, ita ce kuma ta ƙarshen rabuwa in ana cirewa. A cikin soket, kowace ƙafa tana shiga bututun tagulla mai tsaga wanda zoben sifirin ke matsewa ta ko'ina, ba kamar na gida ba da faranti biyu ne kawai ke kama ta. Wannan faɗin wurin haɗuwa shi ne ainihin abin da kake biya. Murfin soket ɗin ma yana da aiki biyu: yana rufe bakin in ba a amfani, in an sa filogi kuma yana sauka ya kama wani ɗan tudu a bayansa, don kada ya zame in an ja waya ana zagaya ƙofar da ake haɗawa.

Launin yana da ma'ana. Shuɗi na 200V zuwa 250V ne, rawaya na 100V zuwa 130V, ja na 380V zuwa 480V, wato layi uku. A jiki za ka ga an rubuta 32A-6h, 2P+E: ƙafar ƙasa tana daidai ƙarfe shida na agogo, ƙafafu biyu ne na wuta da nutural, ɗaya ta ƙasa. Wannan za ka nema. Akwai mai IP44, wanda ke jure fantsamar ruwa, akwai mai IP67 mai zoben murɗawa da roba a baki. A cikin gareji mai rufi IP44 ya isa. In a bangon waje ne ƙarƙashin rumfar kwano inda ruwan damina ke bugowa, a ƙara kuɗi a sayi IP67.

Wanda ya fi duka shi ne mai makunnin murɗawa a jikinsa da kulle na ciki: ba ya kunnuwa sai filogi ya shiga har ƙarshe, filogin kuma ba ya fita sai an kashe. Ya fi tsada nesa ba kusa ba, amma a garejin da ke cikin gida, inda yara ke shiga da fita, shi muke zaɓa. In aljihu bai kai ba, a sa makunnin yanke wuta mai ƙafa biyu, 32A ko 45A, a saman soket ɗin.

A nan ne kuma araha ba ta ado. Na jabu daga nesa ba ka bambanta shi da na kirki, sai ka kwance. A tafi kasuwa da ɗan maganaɗisu: tagulla ba ta kama shi, in ya manne da ƙarfi a ƙafar filogi, baƙin ƙarfe ne aka shafa wa launi, a ajiye. A duba ƙarshen ƙafar ta ciki, wasu holoƙo ne kamar karan dawa. A murɗa sukurun da ke kama waya har ƙarshe a ji ko zarensa na riƙewa ko yana zamewa. A ɗaga murfin a sake shi, ya kamata ya rufe da ƙara. Sannan a sa filogin a soket ɗin tun a shago: na kirki sai ka dafa da hannu biyu kafin ya shiga, wanda ya faɗa salin-alin ba zai yi wata uku yana walda ba.

Wayar da ke bayansa da birekan da ke gabansa

Soket ɗin walda layinsa daban yake so, tun daga akwatin rarraba wuta, ba reshe daga soket ɗin da ke kusa ba. Jadawalin da masu wayarin ke aiki da shi ya ba waya mai 2.5mm² a cikin bututu kusan 24A, mai 4mm² 32A, mai 6mm² 41A. To amma a kan zafin digiri 30 aka yi wannan lissafin. Gareji mai rufin kwano a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu yana kai digiri 40 ba wuya, kuma a wannan zafin ana rage kashi 13 cikin 100: mai 4mm² ta sauko ƙasa da 28A, mai 6mm² ta tsaya wajen 35A. Saboda haka a ƙasarmu, in bireka 32A ne, waya 6mm² ce. Nisa ma yana da tasa maganar. A kan 30A da tsawon mita 25, mai 6mm² tana zubar da wajen 5.5V a hanya, mai 2.5mm² kuma 13.5V. Ga wanda wutarsa ta riga ta zo a 190V, wannan bambancin shi ne tsakanin sanda ta kama da sanda ta riƙa mannewa. In nisan ya wuce mita 40, a yi tunanin 10mm².

Wayar ta kasance jan ƙarfe zalla. Akwai ta alminiyon da aka yi wa rufin jan ƙarfe, ba ta da nauyi, kuma tana hana wuta wucewa fiye da ta gaske da kusan rabi. A kankare silin da wuƙa, in fari ya bayyana ita ce. Ko a kara mata wutar ashana, silinta zai lanƙwashe ya zube, na jan ƙarfe kuwa ja kawai zai yi. Wayoyin da ake yi a gida Najeriya, irin su Coleman da Cutix da Nigerchin, sun yi suna wajen cika kauri, sai dai su ma ana buga sunansu a kan jabu, don haka a auna, kada a tsaya ga rubutun jikin roba.

Bireka aikinsa kare waya. Ƙa'idar da ba a tsallakewa ita ce kada lambarsa ta fi abin da waya da soket za su ɗauka. Soket mai 32A a bayan bireka 20A ko 25A babu laifi ko kaɗan, hasali ma shi ya fi dacewa in injin ƙarami ne kuma wayar da ya zo da ita 2.5mm² ce. Soket mai 16A a bayan bireka 32A kuwa kuskure ne. Harafin da ke gaban lambar ma a lura da shi. Mai B yana faɗuwa nan take in wuta ta ninka lambarsa sau 3 zuwa 5, mai C sau 5 zuwa 10, mai D sau 10 zuwa 20. Injin inbata yana fizgar wuta mai yawa a ƙiftawar ido lokacin da aka kunna shi, shi ya sa mai B ke faɗuwa tun ba a fara aiki ba; C25 ko C32 ne nasa. Tsohon injin mai taransifoma yakan bukaci mai D. Abin da ba a yi shi ne a ga bireka na faɗuwa a cire a sa 63A a kan wayar da take. In yana faɗuwa bayan minti biyu ko uku ana walda, gaskiya yake faɗa: kayan sun yi wa layin yawa.

A ƙara da na'urar yanke wuta in ta zurara, wadda ake rubuta wa RCD ko RCCB, mai 30mA, nau'in A saboda injin inbata. Mai walda yana tsaye a kan ƙasa, sau da yawa da silifas, hannunsa da gumi, yana riƙe da ƙarfe. Gidaje da yawa kuma ramin ating ɗinsu suna kawai ya tara: sandar ta yi gajarta, ko ƙasar ta bushe ƙamas da rani, ko ma wayar ta tsinke ba wanda ya sani. Bireka ba ya ganin 'yar wutar da ke kashe mutum, wannan na'urar ce ke ganinta.

A leƙa mita ma. Na layi ɗaya yawanci 60A ko 80A ne iyakarsu. In gidan na da na'urar sanyaya ɗaki biyu da injin jan ruwa, 30A na walda a kai ba ƙaramin abu ba ne. A Nijar, inda birekan da ke gindin mita ke ɗaure gida a kan ƙarfin da aka yi rajista da Nigelec, wannan shi ne abin da za a fara dubawa, don shi zai riƙa faɗuwa komai kyan soket ɗin.

Ɗaurawa

Jan sabon layi daga akwati aikin mai wayarin ne mai takardar shaida, irin wadda hukumar NEMSA ke bayarwa. Filogin kuwa mai injin zai iya sawa da kansa in ya natsu. A fara zura murfin baya da abin matse waya a jikin wayar kafin a haɗa komai, mantuwar da ke sa mutum kwance aikin da ya gama. A fere rigar waje kamar 5cm ba tare da an yanki robar wayoyin ciki ba. A bar ta ƙasa ta fi sauran tsawo da ɗan yatsa guda, don in wata rana an fizge wayar, ita ce za ta tsinke a ƙarshe. A fere kan kowace kamar 12mm, a sa mata hular ƙarfe ta matse sili in akwai, in babu a murɗa silin sosai kada ko ɗaya ya fita. Kada a shafa dalma a kan wayar da sukuru zai danne: dalma tana lotsawa a hankali, bayan 'yan watanni sukurun ya saki. Ruwan ƙasa ko ja tana zuwa inda aka rubuta L, shuɗiya ko baƙa tana zuwa N, koriya mai ratsin rawaya tana zuwa babbar ƙafa. A ɗaure, a ja kowace waya da hannu, a sake ɗaurewa. Abin matsewar ya kama rigar waje baki ɗaya, kada a ga launin wayoyin ciki daga waje.

Soket ɗin a kafa shi kamar mita ɗaya da 'yan kai daga ƙasa, bakinsa na kallon ƙasa, nesa da inda garanda ke watso tartsatsi. In da hali waya ta shigo masa ta ƙasa. Wadda ta shigo ta sama ba tare da abin matsewa mai roba ba, hanyar ruwa ce. Kafin a sa injin, a auna: tsakanin L da N wutar gari, tsakanin L da ƙasa kusan daidai da ita, tsakanin N da ƙasa 'yan bolt kaɗan. In L da ƙasa ya nuna sifili ko rabi, ko dai ating babu, ko an juya wayoyin L da N. A danna maɓallin gwaji na RCD a ga ya faɗi.

Akwai ruɗanin da ya kamata a warware a nan, don masu walda suna kiran abu biyu da suna ɗaya. Maƙalin da ake kamawa a jikin ƙarfen da ake aiki, wanda ake ce wa at, ba shi ne wayar ƙasa ta filogi ba. Shi hanyar komawar wutar walda ne, 100A ko fiye. In an maye gurbinsa da guntayen rodi da aka jera a ƙasa suna taɓa juna, wutar za ta nemi hanya mafi sauƙi. In ƙarfen aikin na jingine da jikin injin, ko an ajiye wata na'ura mai jikin ƙarfe da ke a soket a kansa, sai ta bi ta siririyar koriyar wayar nan, ta narkar da ita a cikin riga ba wanda ya gani. Daga ranar, jikin injin ba shi da kariya. Maƙalin ya kama ƙarfe mai tsabta, kusa da inda ake walda, da wayarsa mai kauri har jikin injin.

Injin da ya zo da baƙon filogi

Injinan gwanjo daga Amurka sukan zo da filogi mai faffaɗan ƙafafu biyu da zagayayya ɗaya, NEMA 6-50. Can wutar 240V layi biyu ne masu 120V kowane, babu nutural a wannan filogin, saboda haka wayoyi biyun, baƙa da fara ko baƙa da ja, duka na wuta ne, koriya ce ta ƙasa. In allon ya ce 230V ko 240V kuma 50/60Hz, a yanke filogin a sa shuɗi: baƙa a L, ɗayar a N, koriya a babbar ƙafa. In 60Hz kaɗai aka rubuta kuma mai taransifoma ne, zai yi aiki a 50Hz ɗinmu amma zai fi zafi, sai a rage masa ƙarfi a ƙara masa hutu. In 115V ko 120V kaɗai ne, babu filogin da zai gyara wannan, sa shi a 230V ƙona shi ne nan take. Na Turai masu ƙafa biyu zagayayyu 16A ne, suna shiga soket ɗin Nijar kai tsaye, a Najeriya kuma ake tura su cikin na 13A da ƙarfi, ating bai haɗu ba. Su ma a sauya musu. Injin da ya zo da jan filogi mai ƙafa huɗu ko biyar na layi uku ne, ba ya tashi da layi ɗaya.

'Yar gajeriyar wayar nan mai filogin 13A a kai ɗaya da shuɗin soket a ɗaya kan, wadda wasu ke haɗawa don zuwa aikin gidan mutane, ba ta ƙara wa bangon gidan ko amfiya ɗaya. Ta geji 12 ce a ƙasa da 80A, aikin minti kaɗan. Ta fi cusa waya tsirara, iyakarta ke nan. Wayar ƙari ta gaske ita ce baƙar mai rigar roba mai laushi da ake rubuta wa H07RN-F, 4mm² in ba ta wuce mita 15 ba, 6mm² in ta wuce, da shuɗin filogi da shuɗin soket a kawunanta, kuma a warware ta duka daga kan abin naɗi kafin a kunna, don naɗaɗɗiya tana tara zafi har rigar ta manne da juna. Janareta da yawa daga 6kVA zuwa sama suna zuwa da irin wannan shuɗin soket a fuskarsu, wanda ke sa filogi ɗaya ya yi aiki a bango ya yi a janareta. Don geji 8 a nemi 7.5kVA ko fiye mai daidaita wuta, a tayar da shi ya zauna kafin a kunna injin walda, a kuma kashe injin kafin a kashe shi.

Manyan injinan ƙirar gida da ake naɗawa a Panteka da makamantanta, waɗanda ke zaune cikin mai, ba su da allo. Sai an maƙala mita mai baki, mai auna amfiya, a wayar wuta ana walda a ga abin da suke ja. Da yawa sun wuce 32A, nasu sai mai 63A ko a haɗa su kai tsaye da makunni.

Inda ya gaza

Ba fis a cikinsa, saboda haka duk kariyarsa tana wurin bireka. Yana da girma, yana fitowa daga bango sosai, a ƙaramin gareji ƙarfen da ake juyawa yana iya bugunsa, robar marasa suna kuma tana fashewa, musamman wadda rana ta gasa. Taurinsa wajen cirewa yana sa yaran shago su riƙa jan waya maimakon jikin filogi, wanda ke kashe abin matsewa. Wanda ba shi da makunni, in ana zare shi injin na kunne, tartsatsi na cin kan ƙafafun su yi ƙuraje, daga nan zafi ya fara. Murfin IP44 ba ya hana garin ƙarfen garanda da ƙurar hunturu shiga, kuma sifirin murfin shi ne abu na farko da ke karyewa a na jabu, ya bar ramuka masu faɗin da ƙusa ke shiga a buɗe.

Gwajin da ke nuna ko aikin ya yi kyau mai sauƙi ne. A ƙona sanda geji 10 guda huɗu ko biyar a jere, a kashe makunni, a zare filogin a taɓa ƙafafun da bayan yatsa. Ɗumi kaɗan, iri ɗaya a ƙafafu biyun, daidai ne. In ɗaya ta fi ɗaya zafi, sukurunta bai ɗauru ba, ko a filogi ko a soket. Bayan mako guda ana aiki a kashe bireka a sake bin sukurun duka, na soket da na filogi da na bireka, don silin waya yana kwantawa bayan ya yi zafi ya huce sau da yawa. Daga nan sau biyu a shekara ya isa, farkon damina da ƙarshen hunturu, a hure ƙurar cikin ramukan da iska wuta na kashe, a goge ƙafafun da busasshen ƙyalle. Ƙafar da ta riga ta yi baƙi ko ta yi ƙuraje ba a gyara ta da sandfefa, don an rage mata kauri ke nan. A sauya filogin da soket ɗin tare, saboda bututun da ta zauna a ciki shi ma ya riga ya saki.